Kawu, in sayar da filin gado in cika kwantenar riɗi?

Ga saƙon da ya shigo mana a wannan satin, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 29, harkar noma na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa ba aiki. Mahaifina malamin firamare ne har Allah ya masa rasuwa, kaf danginmu babu ɗan kasuwa ko ɗaya. Na tara miliyan 4 da sana'ar POS, burina in riƙa fitar da riɗi da zoɓo ƙasar waje. Na haɗu da wani ɗan Turkiyya a intanet yace yana son kwantena ɗaya ta riɗi, zai biya in kaya ya isa wajensa. Kuɗina bazai kai ba sai an sayar da filin da Baba ya bar mana ni da ƙannena. Na je wajen wani Alhaji a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano don ya koya min, wata biyu kenan ba abinda nake sai ƙirga buhu da rubuta nauyi, ko sau ɗaya bai zaunar dani ya min bayani ba. Akwai kuma wani a Instagram da yace in biya dubu 250 zai koya min komai cikin sati biyu ya haɗa ni da masu saye. Hajiya kuma kullum maganarta in nemi aikin gwamnati. Kawu kaina ya kulle, ya zanyi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun da ya koyar ya bishi har kabarinsa.

Bari in fara da filin tunda duk cikin abinda ka lissafo shi kaɗai ne in ka yi kuskure babu gyara. Kar ka sayar. Ba naka bane kai kaɗai, in ma a cikin ƙannen naka akwai wanda bai balaga ba toh dukiyar maraya ce kuma ka san hukuncinta ba sai na tuna maka ba, in kuma duk manya ne suka amince don kunyarka suke ji, wannan amincewar ba zata hana zumunci lalacewa ba ranar da aka ce kuɗi sun maƙale a wata ƙasa.

Kuma ma zo mu yi lissafi tare. Kwantena mai ƙafa 20 kusan tan 19 na riɗi take ɗauka. Kai ne kullum kake cikin sito kana ganin farashi, ka ɗauki kuɗin kilo na yau ka ninka sau 19,000. Mu ƙaddara naira 1,500 ne kilo, miliyan 28 da rabi kenan fa, kuma wannan kuɗin tsurar riɗin ne, ba a saka kuɗin injin tace riɗi ba, ba a saka sabon buhu ba, ga leburori, ga tirela daga Kano zuwa Apapa, ga feshin ƙwari, ga ejan ɗin da zai maka zirga-zirga a tashar jirgin ruwa, sannan ba tan 19 zaka saya ba dole ka saya da ƙari saboda abinda inji zai fitar na ƙasa da tsakuwa da kara. In ka haɗa filin da miliyan 4 ɗinka ya kai, toh ka zuba duk abinda gidanku ya mallaka cikin akwatin ƙarfe guda ɗaya ka miƙa wa mutumin da ko hannunsa baka taɓa kamawa ba.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma ba sabon labari bane a wajen masu wannan harka. Jirgi zai yi makonni a ruwa, kaya ya sauka, sai mutumin ya turo maka hoton riɗi a tafin hannu yace launi bai yi ba ko danshi ya yi yawa ko ƙasa ta wuce yadda aka yi magana, sai dai ka rage masa kaso 30 cikin ɗari. Kana Kano, bakada biza, bakada lauya a can, baka jin yarensu, kwantena kuma tana zaune a tasha kullum kuɗin jinkiri na hawa da dala. Dawo da ita gida ya fi ragin tsada. Dole ka yarda, in ma ya biya ragowar kenan. Bance mutumin nan ɓarawo bane, Turkiyya na cikin manyan masu sayen riɗinmu tare da Japan da Chaina kuma akwai mutanen kirki sosai a cikinsu, amma tsarin da ya kawo maka na "in kaya ya iso na biya" ko tsakanin waɗanda suka shekara suna ciniki sai an yi tunani. Wanda yake da gaske ko dai ya bada wani kaso kafin a loda ya cika sauran in ya ga kwafin takardar lodin jirgi, ko ya buɗe LC a bankinsa wato banki ya tsaya masa, ko a tura takardun asali ta banki bazai karɓe su ba sai ya biya. Ka rubuta masa da ladabi kace wannan shekarar kana sayar wa kamfanonin gida ne, ka nemi sunan kamfaninsa da lambar rajistarsa da irin ingancin da yake so a rubuce, kace baɗi in Allah ya kaimu zaku yi magana akan ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku. Mai saye na gaske baɗi ma yana nan yana neman riɗi.

Kuma ka sani asarar ba a nan zata tsaya ba. Kafin kaya ya fita sai ka buɗe fom ɗin NXP ta bankinka, wato takardar da ake shigar da bayanin kayan da za a fitar waje da kuɗinsu, dokar Babban Banki kuma ta ce kuɗin kayan su dawo Najeriya cikin kwana 180. In mutumin ya cinye, ga rashin kuɗi ga kuma sunan kamfaninka a cikin waɗanda basu dawo da kuɗi ba, tun a kwantenar farko.

Yanzu ga maganar da tafi damuna a saƙonka, inda kace kaf danginku babu ɗan kasuwa. Naji yadda ka faɗe ta kamar wani tabo ne da kake so ka goge da sauri da babban ciniki guda ɗaya. Ba tabo bane, amma gaskiya akwai abinda ɗan gidan kasuwa yake dashi da kai bakada shi kuma gara ka san shi da sunansa. In ya yi asarar miliyan 10 za a yi masa faɗa a falo a sake bashi wani jarin. In ya shiga kasuwa aka ce ɗan gidan wane ne, za a loda masa mota bashi ba tare da ya ajiye sisi ba. Kuma tun yana firamare yake jin ana maganar wanda ya yi algus da wanda ya ci amana da shekarar da farashi ya karye, ya haddace ba tare da ya san karatu yake ba. Kai faɗuwarka ta farko in ta yi girma ita ce ta ƙarshe, babu mai ɗaga ka, shi yasa lissafinka dole ya bambanta da nasa. Duk cinikin da zaka shiga ka fara tambayar kanka, in wannan ya lalace gaba ɗaya gobe zan iya fitowa kasuwa? In amsar a'a ce toh ya fi ƙarfinka a yanzu komai daɗin ribarsa. Wannan ba tsoro bane kuma ba rashin tawakkali bane.

Kana kuma da naka da su da yawa basu dashi. Kana karanta kwantiragi da Turanci ka gane, ka san me ake nufi da danshi kaso 6 da tsafta kaso 99, kana iya riƙe lissafi a kwamfuta, kuma ka tara miliyan 4 da POS naira ɗari-ɗari, wanda ya iya wannan ya iya haƙuri ko bai sani ba.

Sai Alhaji. Ɗana wallahi da na karanta wajen nan sai da naji kamar in kira ka a waya, domin abinda kake raina shi ne karatun. A ina kake tsammanin ake asara a harkar riɗi? A bakin sikeli ake yinta. Gobe in mota ta shigo kar ka tsaya da biro daga nesa, ka matsa kusa da yaron da yake soka ƙarfen nan mai rami a jikin buhu, ka lura ba a baki yake soka ba, tsakiya yake nema da gindi saboda a nan ake ɓoye yashi. Ka karɓi abinda ya zubo a tafin hannunka ka murza da yatsa, ka hura, ka ga ƙurar da ta tashi da wadda ta maƙale a layin hannunka, ka ware baƙaƙen ƙwayoyi daga farare, ka tauna kaɗan kaji ko ya bushe ƙaras ko yana da laushi ko ya fara ɗaci. In zoɓo ne ka damƙa, busasshe yana ƙara yana karyewa, wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi lanƙwasa yake kuma in ka tura hannu tsakiyar buhun zaka ji ɗumi, wannan kafin ya kai Legas ya yi fumfuna. Sannan ka koma littafin da kake rubutu ka duba, buhu ɗari na wane da suka shiga inji kilo nawa suka fito, na wane kuma nawa. Cikin wata biyun nan ka riƙe sunayen dillalan Alhaji da garuruwan da kaya ke fitowa da farashin kowace rana da wanda kayansa ke zubewa a inji, duk a hannunka, mutumin da bai yarda da kai ba ko kusa da wannan littafin bazai bari ka je ba.

Manyanmu na kasuwa basa koyarwa da allo da alli. Ubangida yana ajiye yaro kusa dashi ya aike shi ya bashi ajiya ya ga ko zata yi ciwon kai, ya bar kuɗi a hannunsa ya kwana ya ga ko zasu cika da safe, a haka ake hawa har ranar da za a ce ɗauki mota kaje Maigatari ko Gumel ka sayo mana. Haka fatake suka yi tun zamanin da ake zuwa Gwanja sayen goro. Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877 ya sha fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, hanyar da ya bi ita ce saya wa kamfanin Turawa gyaɗa daga 1918, yana tara musu suna fitarwa, a haka ya zama wanda ya zama har rasuwarsa a 1955. Shi da ya fito daga zuriyar fatake ma kenan. Saya wa mai fitarwa ba ƙasƙanci bane.

Amma bazan rufe ka ba, ba kowane Alhaji bane ubangida. Akwai wanda zai riƙe yaro shekara goma yana ƙirga buhu ranar da yace zai tsaya da ƙafarsa a zama abokan gaba. Yadda zaka gane mai sauƙi ne, ka tambaya a cikin layin, su waye suka taso a hannunsa kuma yanzu suna ina? In aka nuna maka mutum biyu uku masu sitonsu kuma har yau suna zuwa gaishe shi, ka riƙe shi da hannu biyu. In kowa ya fita da rigima ya fita, ka gama kakar bana lafiya ka yi godiya ka nemi wani. Kuma ka daina jiran ya kira ka ya zaunar, kai zaka nema, amma ba a gaban mutane ba kuma ba da "ka koya min fitar da kaya" ba, wannan tambayar ta yi faɗi babu mai amsa ta. Ka bari bayan la'asar kasuwa ta lafa ka kawo abu guda ƙarami, Alhaji naga jiya ka mayar da kayan wane alhali ya fi araha, me ka gani a ciki? Irin wannan tambayar dattijo yana jin daɗinta don ta nuna idonka na kan aiki, sai kaga ya yi rabin awa yana magana.

Kar kuma ka ɗora wa mutum ɗaya komai. Mai yiwuwa Alhajin ma shi kansa bai taɓa cika fom ɗin NXP ba, kamfanonin 'yan Indiya da 'yan Labanan na Sharaɗa da Bompai yake sayar wa, ya san kaya ya san mutane, shikenan kuma ya isa. Takardu wajen wasu zaka koya. Ka shiga ofishin NEPC na Kano, wato hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasar waje, aikinsu kenan tun 1976 kuma su suke bada satifiket ɗin mai fitar da kaya bayan ka yi rajistar kamfani da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka je bankinka ka nemi wanda ke teburin kasuwancin ƙasashen waje ya nuna maka yadda ake buɗe NXP da biyan kuɗin NESS na duba kayan da za a fitar, rabin kaso ɗaya cikin ɗari na kuɗin kaya. Ka san inda jami'an NAQS, hukumar duba lafiyar tsirrai da dabbobin da ke shiga da fita ƙasa, suke don su ke bada takardar lafiyar amfanin gona. Ka leƙa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki wadda aka buɗe a 2023 ka ga yadda ake loda kwantena da idonka, ka yi abota da ejan guda ɗaya mai mutunci. Mai gyaran injin sortex, wato injin da ke ware ƙwayoyi masu kyau daga marasa kyau ta launi, shi ma malami ne, ya san kayan kowa a garin nan.

Na Instagram kuma ka bar dubu 250 ɗinka a aljihu. Abinda zai karanta maka a sati biyu yawancinsa yana shafin NEPC kyauta, jerin masu sayen da zai baka kuma ya riga ya sayar wa duk wanda ya biya kafin kai. In kana so ka gwada shi kace ya nuna maka takardar lodin jirgi mai sunan kamfaninsa ta cikin shekarar nan. Akwai masu koyarwa na gaskiya ban hana ba, amma duk wanda hoton mota da otal ya fi hoton sito yawa a shafinsa, ribarsa a jikin ɗalibai take.

Abinda yasa nake ta nanata maka bakin sikeli da tafin hannu, ka dubi abinda ya samu wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a jikinsa ya ninka abinda suka yarda dashi, irin maganin nan da mutanenmu ke zuba wa buhu a sito don kar ya yi ƙwari, aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru, mai laifi da mara laifi duk ya shafe su. Meziko da tafi kowa sayen zoɓonmu ita ma ta taɓa rufe ƙofa na tsawon shekaru saboda ƙwaro da aka gani a cikin kaya, farashi ya faɗi a Jigawa da Kano manoma suka ji a jikinsu. A 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, su Kachia da Jaba da Kagarko, wanda ya sa hannu a kwantiragin citta tun kafin girbi ya rasa inda zai samo kaya. A shekarar dai aka saki naira ta nemi farashinta, wanda ya yi lissafi da tsohon canji ya kwana ya tashi lissafin ya zama wani abu daban. Duk waɗannan ba a karanta su a sati biyu, sai ka zauna cikin kasuwa kaka ta zagayo ka ga hawa da sauka.

Toh me zaka yi da miliyan 4? Na farko kar ka rufe POS ɗin, ka saka ƙaninka ko wani amintacce, shi zai riƙe cefane don kar yunwa ta sa ka sayar da kaya a lokacin da bai dace ba. Ka ware miliyan ɗaya ka manta da ita. Da sauran, in riɗi ya fara shigowa wajen Oktoba, ka faɗa wa Alhaji gaskiya kana da ɗan jari kana so ka riƙa shiga kasuwannin ƙauye kana sayowa kana kawo masa ko kamfanin da yake kai wa, kar ka yi a ɓoye ya ji a bakin wani, wannan kaɗai ya isa ya ɓata komai. Ka fara da buhu goma sha, ka juya, ka sake juyawa, kar ka ɓoye kaya kana jiran tashin farashi da kuɗin da bakada kamarsu. Kowane zuwa ka rubuta komai har kuɗin ɗan dako da na shayi da la'adar dillali da kilo nawa ya zube. Wata tafiyar zaka ci riba wata ka dawo da uwar kuɗi da ƙyar, wata ma a cuce ka da yashi, amma cutar buhu biyu makaranta ce da zaka iya biyan kuɗinta. Abinda kake saye a wannan kakar suna ne, a ce yaron nan kayansa baya zubewa a inji kuma in yace Laraba toh Laraba ce. Rajistar CAC da ta NEPC ka yi su a hankali a cikin shekarar, ba tsada ne dasu sosai ba, amma ka tuna hangen Dala ba shiga birni ba ne, masu satifiket a jaka da basu taɓa fitar da ko mudu ba suna da yawa.

In ka yi kaka biyu a haka, kwantenar farko ba lallai ma ta zama taka kai kaɗai ba. Ana haɗa hannu, kai ka kawo tan biyar wani ya kawo sauran a fita da sunan wanda ya saba, ko mai kuɗi ya zuba jari kai ka yi wahala a raba riba yadda kuka yanka, ƙiradi kenan da malamai suka yi bayaninsa tun da daɗewa. Ko da wa zaka yi, ko Alhajin ne da kansa, a rubuta a sa shaidu, kunya ba ta cikin wannan.

Hajiya kuma kar ka yi musu da ita. Matar malamin makaranta ce, ta san albashi ko ya yi kaɗan yana zuwa, kuma ta ga waɗanda kasuwa ta tashe su tsaye, tsoronta yana da dalili. In an buɗe ɗaukar aiki ka cika fom ɗin don ka faranta mata, ba abinda zai rage ka. Amma abinda zai kwantar mata da hankali na gaske shi ne yau ɗin nan ka je ka durƙusa ka ce mata ka janye maganar fili bazaka sake tada ita ba, ka nemi ta sa maka albarka a kaka biyu, kuma duk ƙarshen wata ka buɗe mata littafinka ta ga abinda ya shiga da abinda ya fita ko da asara ce. In da hali ka nemi kawunka ko wani babba a dangi ya raka ka ya gaida Alhaji ya ce ga ɗanmu nan amana, tunda Malam baya nan balle ya kai ka da kansa. A wajen dattawan kasuwa yaron da manyansa suka biyo sahunsa daban yake da wanda ya shigo shi kaɗai da fayil a hannu.

Ka sake rubuto min bayan an gama kakar riɗi, ka haɗo da lissafin tafiyarka ta farko da ta ƙarshe da kuma amsar da ɗan Turkiyyan ya baka, sai mu duba maganar zoɓo. Allah ya yi maka jagora, ka gaida Hajiya.